Akwatin da Na Raina

A cikin kayan da ake harhaɗawa su tayar da kwamfuta irin ta kan tebur, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da ke maƙale can a kusurwar baya, wanda girmansa bai kai na bulo ba. Ta jikinsa ne wayar wuta take shiga, kuma daga cikinsa ne waɗansu wayoyi suke fitowa su bazu cikin na'urar kamar saiwar gamji. Masu gyara a Kano suna kiran sa fawa-fak. Na shafe fiye da shekara ashirin ina aiki da kwamfuta ban taɓa tambayar kowa ingancin wannan akwati ba. Duk lokacin da zan saya, tambayata ba ta wuce saurinta, da girman rumbun ajiyarta, da faɗin allonta. Sai da ya ci mini abin da kuɗi ba sa mayarwa, sannan na san da zamansa.

Ni mutumin Ɗansoshiya ne, a ƙasar Ƙiru. Aikin koyarwa ya zaunar da ni a birni, amma hutu bai cika wuce ni ban je gida ba. Tun wajen shekarar 2009 na ɗora wa kaina wani aiki da babu wanda ya sa ni, wato naɗar maganar tsofaffin yankinmu. Abin da ya ja hankalina shi ne, ƙasashen Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suna daf da ƙasar Zazzau, saboda haka mai kunnen nazari yakan ji inda Kananci da Zazzaganci suke gogayya a bakin mutum ɗaya, musamman wajen bambance jinsin namiji da na tamata. Bayan wannan, kowane lungu da irin kalmominsa. Na naɗi masunta a bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Na naɗi tsofaffin mahaƙan kuza a Riruwai, da mafarauta a gefen dajin Falgore, da makiyayan dajinmu na Ɗansoshiya. Da kaset na fara, daga baya na koma ga 'yar rikoda mai katin ajiya.

Duk cikin waɗanda na naɗa babu kamar Gwaggo, yayar mahaifina. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san sunan kowace ciyawa da ke tsirowa tsakanin gidanmu da bakin daji, da wadda awaki ke ci da wadda ke kumbura musu ciki. Tana da tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe waɗanda ban taɓa cin karo da su a wani littafi ba. A 2016 na zauna da ita dare da dama, har na tara kimanin awa 14 na muryarta. Duk na juye su a wata kwamfuta da aka haɗa mini a wani shago a birni, wadda na kai gida na ajiye a ɗakina na soro. Da na juye, sai in goge katin rikodar in sake amfani da shi. Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa a daminar 2017.

A watan Disamba na wannan shekara, cikin tsakiyar hunturu, na zauna da dare ina rubuta ɗaya daga cikin tatsuniyoyin, ɗan ƙaramin janareto yana ta kuka a tsakar gida. Man da ke cikinsa ya zo ƙarewa, sai ya shiga shaƙewa, yana ja yana saki. Ƙwan fitilar ɗakin ya dushe, ya sake haskawa fiye da ƙima, sannan na ji wata 'yar ƙara "tas" daga bayan kwamfutar. Ƙaurin roba ya cika ɗakin. Ban firgita sosai ba a lokacin, domin na ɗauka abin bai wuce fis ba.

Da na kai ta wurin mai gyara a birni, ya kwance ta ya dudduba, sai ya ɗago kai ya ce, "Dakta, sai haƙuri. Fawa-fak ne ya mutu, kuma bai tafi shi kaɗai ba." Ya ja babban allon da kome ke dashe a kansa, ya kuma ja faifan ajiya. An nemo wani faifai irinsa aka sauya masa allon da ya ƙone, bai tashi ba. Muryar Gwaggo ta tafi ke nan, da ta masunta, da ta mahaƙa, in ban da abin da ya rage a tsofaffin kasakasai. Mai gyaran ya miƙo mini mataccen akwatin ya ce in ɗaga. Na ɗaga, na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Ya nuna mini gurabun da aka zana domin a dasa kayan kariya, waɗansu babu kome a cikinsu, waɗansu an haɗe su da guntuwar waya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a jikinsa an rubuta wat 650, amma ai rubutu ba ya tsada."

Ba zan ɗora laifin duka a kan wanda ya haɗa mini ita ba. Ni ne na tsaya ina ciniki har sai da ya rage kuɗin, shi kuwa ya rage a inda ya san ba zan duba ba. Ni ne kuma na ajiye aikin shekara takwas a wuri guda ba tare da kwafi ba. Mutumin da ke tsayawa gaban aji yana koyar da dabarun bincike, yana gargaɗin ɗalibai su kula da bayanansu, shi ne ya yi wannan. Na daɗe ban gaya wa kowa ba saboda kunya.

Sai a ƙarshen 2023 na yi ƙarfin halin sake haɗa wata. A wannan karo ɗan yayana ne jagora, yaron da ya karanci fasahar kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha, wanda ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma a wannan fage ni ne a ƙasa, shi ne a kan rimin. Da farko ya so ya hana ni. Ya ce, "Baffa, me zai hana ka tsaya a kan ta tafi-da-gidanka? Tana da batirinta, ba ta shan wuta sosai." Gaskiya ya faɗa, kuma duk malamin da za a tura ƙauye, in guda ɗaya zai mallaka, ita zan ba shi shawara ya saya. Sai dai ni ina da dalilaina. Ta kan tebur, in wani sashe ya lalace, shi kaɗai za a cire a sauya. Ina bukatar allo mai faɗi domin duba hoton sauti. Akwai kuma dalili na uku da ban faɗa masa ba: ba a zuwa aron kwamfutar tebur.

Kafin mu je kasuwa ya zaunar da ni ya yi mini darasi, kuma shi ne zan maimaita a nan gwargwadon fahimtata. Wutar da ke zuwa soket a Nijeriya an tsara ta ne a kan bolt 230, kuma mai kai-da-komo ce, wato tana sauya alƙibla tana dawowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta kuwa ba sa cin irin wannan. Abincinsu wuta ce miƙaƙƙiya mai bin hanya ɗaya, kuma 'yar kaɗan: bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Aikin fawa-fak shi ne ya karɓi waccan babbar wuta mai hargitsi, ya sauko da ita, ya miƙar da ita, ya tace ta, sannan ya raba wa kowane sashe gwargwadon cikinsa. Ƙa'idar da ake bi wajen ƙera shi, wadda ake kira ATX, kamfanin Intel ne ya fito da ita a 1995, kuma a tsohon tsarinta ta yarda layin bolt 12 ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100 kawai, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Nagari yana da masu gadi a cikinsa. In wuta ta haura, ko aka ja fiye da ƙarfinsa, ko wayoyi biyu suka haɗu, sai ya kashe kansa nan take kafin ɓarnar ta ƙetara. Na banza kuwa buɗe ƙofa yake yi ya bar ta ta shige. Abin da ya faru da ni ke nan a 2017.

A nan halin malaman harshe ya motsa mini. Na ce masa, to ai wannan mataci ne. A Hausa, ɗafa-goshin "ma-" da ɗafa-ƙeyar "-i" sukan ba da sunan kayan aiki, kamar mabuɗi daga buɗe, da masassabi daga sassabe, da mataci daga tace. Me zai hana mu ce matacin wuta? Ya yi dariya ya ce, "Baffa, in ka shiga kasuwa ka ce a ba ka matacin wuta, layin masu koko za a nuna maka." Na yarda da shi. Kalma ba ta zama kalma don wani dakta ya ƙirƙire ta a ɗakinsa, sai masu harshe sun karɓa. Har yau mutane suna cewa an kawo nefa, alhali hukumar da ke da wannan suna ta sauya suna tun 2005. Saboda haka fawa-fak zan ci gaba da cewa, ko da yake har yanzu ina ganin tawa ta fi dacewa.

Abu na farko da muka yi shi ne lissafin cikin kwamfutar. Ƙwaƙwalwar da muka zaɓa an ƙiyasta mata wat 65. Ba mu sa katin hoto na daban ba, domin ni ba wasa zan yi ba, kuma shi ne ya fi kome shan wuta a kwamfutocin matasa. Babban allo da ram da faifan ajiya da fankoki, duk a haɗe ba su wuce wat 60 zuwa 70 ba. Ke nan ko an ƙure ta ba za ta haura wat 150 ba. Na ce to ashe ma waccan mai 650 ta yi mini yawa. Ya ce a'a, ba ta taɓa zama 650 ba. Ya koya mini wata dabara da nake ganin kowane malami ya kamata ya sani, domin lissafin bai fi na aji huɗu na firamare ba. A jikin kowane fawa-fak akwai takarda mai jadawali. A nemi layin bolt 12, a ga amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashinsa, a ninka da 12. Abin da ya fito shi ne ƙarfin da za a dogara da shi, domin a kwamfutar zamani wannan layi ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyin. Na ɗauko gawar tsohon, wadda ban yar ba, muka duba: amfiya 18. In an ninka, wat 216 ke nan, in ma gaskiya aka rubuta. Wanda muka saya daga baya an rubuta masa wat 450 kawai, amma layinsa na bolt 12 ya haura amfiya 37, wato kusan dukkan abin da ya yi alkawari.

A kasuwa mun sha kallo. Wani mai shago ya jero mana guda huɗu, kowanne da kwali mai ƙyalli, ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne, suna kawai ake saya." Ɗan yayana bai yi musu da shi ba. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana auna nauyinsu a hannu, yana leƙa cikinsu ta ragar fanka, yana murza kaurin wayoyin. Nauyi ba hujja ba ne, in ji shi, amma rashinsa hujja ne, domin tagulla da ƙarfen da ke ɗauke zafi ba su da sauƙi. Ya duba ko an rubuta cewa yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, saboda irin wannan ba ya damuwa in wuta ta yi ƙasa, abin da kowa ya san yana faruwa a ƙarshen dogon layi ko a kan ƙaramin janareto. Ya kuma ja kunnena game da na gwanjo masu ɗan jan makunni a baya, mai lamba 115 da 230. Waɗanda aka kwaso daga Amurka, inda wutar gida take bolt 120, sau da yawa a kan 115 suke zuwa. Wanda ya soka irin wannan a soket ɗinmu bai mayar da shi 230 ba, ƙara ɗaya zai ji.

Akwai kuma wani tambari da ake liƙawa, 80 PLUS, wanda aka fara a 2004. Ma'anarsa ita ce, aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da akwatin ya ja tana isa ga kwamfuta, ragowar ce take zama zafi. Daga baya aka yi masa darajoji, na tagulla da na azurfa da na zinariya, har zuwa sama. Na ɗauka wannan damuwar Turawa ce, sai da ya buga mini lissafi. In kwamfuta tana bukatar wat 150, fawa-fak mai isar da kashi 70 zai ja wat 214, ya mayar da 64 zafi. Mai isar da kashi 85 kuwa wat 176 zai ja, zafinsa 26 kacal. Ga mai batir, wannan bambanci ƙarin lokacin aiki ne. Ga wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar Kano kuwa, tsawon rai ne, domin 'yan gwangwanayen da ke tace wuta a ciki, waɗanda ake kira kafasita, duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage kwanansu da kimanin rabi. Sai dai ya ce kada in rantse da tambarin. Tattalin wuta yake aunawa, ba dukkan inganci ba, kuma wanda ya iya buga 650 na ƙarya ba zai gagara buga tambari ba. Daga ƙarshe mun sayi na kamfanin da aka sani, a shagon da ya yarda ya rubuta mana rasit da garanti. Kuɗinsa ya kusa ninka na arahar sau uku. Na biya ban ce uffan ba. Araha ba ta ado.

Fawa-fak nagari bai isa ba in abin da ake ɗura masa guba ne, don haka muka koma kan tushen wutar. Janareto na riga na yafe shi, ba don tsoro kaɗai ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kunna shi awa biyar kowane dare ya fi ƙarfin albashin malami. Muka tsaya a kan hasken rana: faranti biyu a kan rufi, da batir, da inbata. A nan ma akwai tarko. Inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta lallausa mai hawa da sauka kamar ta layi, akwai kuma mai araha wadda wutarta take tafiya tsalle-tsalle kamar matakala. Ana gane ta biyun da gurnanin da fanka ke yi in an jona ta. Waɗansu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da ita, sukan yi ƙugi ko su mutu kwatsam. Muka ɗauki ta farkon. Batirinmu mai bolt 12 ne da amfiya-awa 200, wato wat-awa 2,400 a takarda, amma irin wannan batir na dalma ba a son a shanye fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Abin da ya rage ya ishe ni aikin dare da ƙwan fitila ɗaya.

Ga wanda yake inda wutar layi take, abin da zai nema shi ne UPS, ɗan akwatin batir da ke karɓar aiki a cikin ƙiftawar ido in an ɗauke wuta. Amma ya sani lambar da ke jikinsa ba wat ba ce. Wanda aka rubuta wa 650 VA bai cika wuce wat 360 zuwa 390 ba, kuma 'yan mintoci kawai yake bayarwa, na a adana aiki a kashe cikin natsuwa, ba na a ci gaba da bugu ba. Ba a kuma jona masa na'urar ɗab'i mai aiki da zafi, domin jan farko da take yi ya fi ƙarfinsa.

Na tsawaita a kan wannan ne saboda abin da nake gani idan na fita duba ɗalibanmu a lokacin gwajin koyarwa. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, makarantu da yawa sun samu kwamfutoci, waɗansu daga gwamnati, waɗansu daga tsofaffin ɗalibai ko 'yan siyasa. Na shiga ɗakuna fiye da ɗaya na tarar da su jere an lulluɓe da zane, ƙura ta yi musu rawani. In na tambaya, amsar ɗaya ce: sun ƙone. An yi bikin miƙa su, an ɗauki hoto, amma ba wanda ya tambayi wace wuta za su sha. Da yawanku za a tura ku irin waɗannan makarantu, kuma saboda ku ne matasa, ku za a danƙa wa mabuɗin ɗakin, ko da Hausa kuka karanta.

Ranar haɗawa ta zo a watan Janairu na 2024, hunturu ya kankama. Muka shimfiɗa tabarma a soro, muka ɗora kayan a kan tebur na katako. Kafin ya taɓa kome sai da ya cire rigar sanyinsa ya dafa ƙarfen akwatin, ya ce ni ma in yi haka. Ɗan tartsatsin nan da mutum ke ji in ya taɓa ƙofar mota a lokacin bushewar iska, wanda muke ɗauka abin wasa ne, ya isa ya kashe ram. Bai jona sabon fawa-fak ɗin da kome ba sai da ya gwada shi shi kaɗai. Ya lanƙwasa guntuwar waya ya haɗa ramin koriyar waya da na baƙa a jikin babban fulogi mai rami 24, fankar ta juya, ya sa mita ya auna. Layin 12 ya nuna 12.1, na 5 ya nuna 5.0. Na ce ya buɗe shi in ga cikinsa, in kwatanta da tsohon. Ya ƙi. Ya ce kafasitocin ciki sukan riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare waya, kuma buɗewa tana ɓata garanti.

Sauran aikin ya tafi da sauri: ƙwaƙwalwa a gurbinta, ɗigon man da ke isar da zafi, fanka a kai, ram, faifai, sukurori. Yaran gida sun cika ƙofa. Ya ce, "Baffa, bismillah, kai za ka kunna." Na danna. Fankoki suka juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na sake dannawa, haka. Ban san lokacin da zufa ta keto mini ba cikin wannan sanyi, hancina har ya fara neman ƙaurin roba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya kashe, ya zare waya, ya haska tocila yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi tsaki. Ashe ya manta da ƙaramin fulogi mai rami 8 da ke kai wa ƙwaƙwalwa wutarta ta musamman, yana can a lanƙwashe bayan akwatin. Ya soka shi. Da na sake dannawa, rubutu ya bayyana, yara suka sa ihu kamar an ga wata.

Bai bar ni na fara aiki a ranar ba. Ya daidaita kwanan wata, ya duba zafin ƙwaƙwalwa, ya bar ta tana gwajin ram har gari ya waye. Washegari ya ɗora mata Windows, ni kuma na karɓi ragamar, domin an iso fagena. Abin da na fara nema shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Waɗanda suka yi bugu a shekarun 1990 da farkon 2000 za su tuna da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, suka fitar da mu kunya a lokacin da babu wata hanya. Matsalarsu ita ce, in aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da su, sai baƙaƙen su rikiɗe su koma waɗansu alamomi. Yanzu kowane ɗaya daga cikin haruffan yana da lambarsa a tsarin Unicode da duniya ta amince da shi, kuma akwai allon bugu na Hausa a cikin Windows, sai dai a zaɓe shi. Bayan wannan na ɗora Praat, manhajar nazarin sauti da Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam, wadda kyauta ake samun ta. Da ita ne mutum yake ganin karin sauti da tsayin wasali da idonsa, ya ga bambancin ra-gare da ra-kaɗe a zane.

Sannan muka kafa doka. Duk abin da aka naɗa sai ya zama kwafi uku: ɗaya a kwamfutar, ɗaya a faifan waje da ba a barin sa a jone, ɗaya kuma a birni. Katin rikoda ba a goge shi sai ukun sun cika. An kafa sandar tagulla a ƙasa bayan ɗakin an ɗaura mata wayar kariya, ana zuba wa wurin ruwa da rani. Kowane wata biyu ana fitar da akwatin a hure masa ƙura. In hadari ya haɗo kuwa, ba a dogara da wata na'ura, zare kome ake yi daga bango, domin babu fawa-fak ɗin da aka ƙera don ya tare aradu.

Aikin farko da na ba ta shi ne juyar tsofaffin kasakasan da suka tsira. Na tone su daga cikin adaka, guda 23, waɗansu zaren ya manne. A bayan wani da na rubuta wa "masunta, Tiga, 2010", bayan hirar ta ƙare, sai na ji kukan akuya, da ƙarar turmi, sannan wata murya ta ce, "Kai wannan yaro, abin naka yana ji kuwa?" Gwaggo ce. Ashe na gwada rikodar a tsakar gida na manta. Minti 11 ne da 'yan daƙiƙoƙi: tana faɗa da jikokinta, ta lissafa ciyayi bakwai, ta fara wata tatsuniya, kaset ya ƙare kafin Gizo ya dawo daga daji.

Na yi kwafi ukun a daren. Da safe na aika aka kira 'yarta, wadda ita ma yanzu ta manyanta. Ta zauna a bakin tabarma, na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce kome ba, ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Yaya, ai na san ƙarashen wannan." Na jawo rikoda na duba batirinta, na ce ta dakata in sa sabon kati.